Kalmar “Steel”: Ba Kowane Ƙarfe Ba Ne

A gindin darbejiyar da ke gaban ofishin malamai akwai wani guntun kwangiri da aka rataye da waya, wanda ya girmi dukan ɗalibanmu. Shi ne ƙararrawarmu. Shi yake tashe mu da asuba, shi yake kiranmu aji, shi kuma yake sallamarmu. Idan aka buge shi mukan ce an buga ƙarfe, daga irin wannan bugu ne kuwa Bahaushe ya sami hanyar faɗin lokaci, har yake cewa ƙarfe bakwai, ƙarfe goma sha biyu.

Wata rana a zango na biyu na tambayi 'yan aji huɗu su gaya mini da Turanci abin da aka yi wannan kwangiri da shi. Yawancinsu suka ce “iron”. Waɗansu suka ce “metal”. Yarinya ɗaya ce daga can baya ta ce “steel”. Na ce ta zo ta rubuta a allo, sai ta rubuta “steal”, watau sata. Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, gama ita kaɗai ce ta ba da amsar da ta fi daidai, harafi ɗaya ne ya kayar da ita. Masu dariyar kuwa ba su ma san akwai bambanci tsakanin kalmomin uku ba. Shi ya sa da kwamitin mujalla suka nemi in rubuta wani abu a bana, na ce bari in tsaya a kan wannan kalma guda.

Kalma uku a gurbin ɗaya

Mu a Hausa kalma ɗaya muke da ita, ƙarfe, sai mu riƙa yi mata ƙari: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, farin ƙarfe. Bature ya raba abin. “Metal” ita ce uwa, ta haɗa zinariya, azurfa, tagulla, dalma, kuza, goran ruwa da sauransu. “Iron” ɗaya ne daga cikin 'ya'yanta, shi ne baƙin ƙarfen da ake fitarwa daga tama. “Steel” kuwa ba a haƙo shi daga ƙasa. Babu ramin da za ka tona, ko a Riruwai ko a Jos, ka tarar da shi. Yin sa ake yi. Baƙin ƙarfe ne da aka bar masa ɗan sinadarin nan da malaman kimiyya suke kira kabon, wanda shi ne jikin gawayi da kunkunniya.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wannan ƙari. Ku tuna da buhun masara mai kilo 100. Da a ce rodin gini ne mai wannan nauyi, kabon ɗin da ke cikinsa wajen kwatan kilo ne kawai. In wuƙa ce ko magagari, zai kama daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya da 'yan kai. Da zarar ya haura kilo 2, suna ya sāke, ya zama “cast iron”, watau ƙarfen zubi, irin wanda aka yi ƙafar tsohon keken ɗinki da dutsen guga na gawayi da shi. Yana da tauri, amma in ya faɗi a daɓen siminti sai ya fashe kamar tukunyar ƙasa. In kuma kabon ya yi ƙasa ƙwarai, ƙarfen yakan yi taushi, ya lanƙwashe, ba ya riƙe kaifi. Sha'anin kamar gishiri ne a miya. In babu, ta yi lami, in ya zarce, ba ta shawuwa. “Steel” yana tsakiya.

Maƙera sun riga ƙamus sani

Kada wani ya ɗauka cewa tun da ba mu da kalma ta musamman, ba mu san abin ba. Je ka rumfar maƙera ran kasuwa, a Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada, ka sami gefe ka zauna ka zuba ido. Idan aka kawo aikin murhu ko ƙyauren akurki, maƙeri zai jawo kowane falle daga cikin tarin ƙarafansa. Amma idan mahauci ya zo neman wuƙa, ko mai faskare yana son gatari, ba zai taɓa wancan falle ba, sai ya tono sifirin tsohuwar mota. Ka tambaye shi dalili, zai ce maka wannan yana riƙe kaifi, wancan ba ya riƙewa. Mai yiwuwa bai taɓa jin sunan kabon ba, amma kunnensa da hannunsa sun san shi. Zai buga ƙarfen a uwar maƙera ya saurari amo. Zai goga masa magagari ya ga ko yana ci. In akwai injin washi kusa, zai ɗora shi ya dubi tartsatsi, gama ƙarfe mai kabon da yawa tartsatsinsa yakan fashe ya yi rassa-rassa, mai taushi kuwa nasa yakan tafi dogo a miƙe.

Sai aikin da ya fi duka ban sha'awa. In ya gama ƙera wuƙar, sai ya mai da ita wuta, yaro yana zuga, har ta yi ja wur, sa'an nan ya tsoma bakinta cikin ruwa ko baƙin mai. Wannan sanyi na farat ɗaya yakan ritsa kabon a inda yake cikin jikin ƙarfen, bai sami damar komawa mazauninsa ba, sai ƙarfen ya yi tauri ƙwarai. In aka tsaya nan, bakin wuƙar zai riƙa ɓantarewa kamar kwalba. Saboda haka gwanin maƙeri yakan bar ɗan zafi ya sāke ratsa ta, yana duban launin da ke hawa jikinta, daga launin busasshen kara zuwa ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi, ya tsai da shi a inda yake so. Da haka wuƙar za ta rage tsananin tauri kaɗan ta sami juriya. To, ka ɗauki baƙin ƙarfe marar kabon ka yi masa haka, ko sau goma ka tsoma shi ba zai taurare ba. Idan mai jarrabawa ya tambaye ku babban bambancin “iron” da “steel”, ga shi nan: ɗaya yana karɓar horon wuta da ruwa, ɗaya ba ya karɓa.

Kafin a san mota balle sifirinta, kakanninmu da kansu suke fid da ƙarfe daga dutse. A Taruga, kusa da Abuja, masu binciken tarihi sun tono matoyan tama da suka haura shekara 2,000. A Dutsen Dala an sami alamun aikin ƙarfe na wajen ƙarni na 7, labarin gargajiya kuma ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a wurin, daga Gaya suka zo neman tama. Sukan gina doguwar matoya ta yumɓu, su jera tama da gawayi hawa-hawa, musamman gawayin ƙirya don ƙarfin wutarsa, su yi ta zuga. Zafin irin wannan matoya wajen digiri 1,200 ne, baƙin ƙarfe kuwa ba ya narkewa sai a digiri 1,538, saboda haka ba ruwan ƙarfe suke samu ba. Iskar da ke tashi daga gawayi ce take zare oksijin daga jikin tama, dattin ya narke ya gangara ya zama kashin maƙera, a bar dunƙulen ƙarfe a gindi. Wannan dunƙule ba bai-ɗaya yake ba. Wani gefen ya sha kabon daga gawayi, wani bai sha ba. Maƙeri yakan fasa shi ya ware mai taurin domin aska da bakin mashi da ƙyastu. Da wani Bature zai ɗauki wannan yanki ya auna, “steel” zai kira shi.

Ba Turawa ne suka ƙago shi ba, Indiya da Sin sun daɗe suna yin mai kyau. Abin da Turawa suka yi shi ne mai da shi araha. A 1856 wani mutumin Ingila mai suna Henry Bessemer ya nuna cewa in aka hura iska cikin narkakken ƙarfen zubi, iskar za ta ƙone rarar kabon, cikin kamar minti 20 a sami tan-tan na abin da a dā ake kwanaki ana wahalar yin kaɗan daga cikinsa. Daga nan aka shiga shimfiɗa layin dogo da shi ko'ina a duniya. Namu ya iso Kano a 1911, ya ratsa ta nan Dangora. Jirgin da ya kwashi gyaɗa da fata shi ne ya kawo ƙarfen Turai, ga kuma guntayen da layin kansa yake zubarwa. Wa zai kwana yana zuga a daji alhali ga ƙarfe a kasuwa? A hankali sana'ar narka tama ta mutu, ƙira ta saura.

Sunayen da suke ruɗinmu

Turancin da muke ji a kasuwa da wurin gini ya ƙara dagula lissafi. Abubuwa da yawa da muke kira da wani suna, in ka bincika “steel” ne ya sa riga.

Rodi mukan ce masa “iron rod”, amma injiniya a takardarsa “steel bar” yake rubutawa, shi ne kuwa daidai. Soson ƙarfen da ake kankare tukunya da shi, 'yan kwana suna ce masa “iron sponge”, a ƙamus kuwa “steel wool” za ku tarar. Kwanon rufi kowa “zinc” yake ce masa, alhali fallen “steel” ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya don ta tsare shi daga tsatsa. Muddin rigar tana nan, kwano yana nan. Ku dubi rufin tsofaffin azuzuwanmu, za ku ga tsatsa takan fara ne daga bakin ƙusa da inda aka yanka, wurin da rigar ta yage.

Haka gwangwanin madara da na tumatir, waɗanda Turawa da kansu suke kira “tin”, watau kuza. Kuzar da ke jikinsu shafe ce wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, sauran duka “steel” ne. Ɗalibanmu 'yan Doguwa suna da haƙƙin yin alfahari a nan, gama mutanen Riruwai suna narka kuza suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke suna sayarwa tun kafin zuwan Turawa. Daga baya kamfanoni suka zo suka haƙa, har faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta durƙusar da harkar a ƙasar nan. Babban abin da duniya take nema da kuza a wancan zamani shi ne ta shafe gwangwani da yin dalmar liƙi.

Akwai kuma “stainless steel”. “Stain” tabo ne, “less” kuwa marar, watau marar tabo. Wani mai suna Harry Brearley ne ya yi fice da shi a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Ana zuba masa wani ƙarfe mai suna kuromiyom, aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100. Shi wannan yakan haɗu da iska ya yi wata fata a bisa wadda ido ba ya gani, in an karce ta kuma ta sāke toho da kanta. Da shi ake yin cokula, da almakashin asibiti, da kwanonin nan masu ƙyalli na ɗakin amarya waɗanda iyayenmu mata suke kira silba. Sunan nan daga “silver” ya fito, ma'anarsa azurfa, amma babu ko ƙwayar azurfa a ciki. Kada ku rubuta “silver plate” a jarrabawa kuna nufin kwanon tuwo.

Wanda yake so ya gwada, ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifikar rediyo. Zai kama rodi, da kwanon rufi, da gwangwanin tumatir. Ba zai kama gwangwanin lemo ba, gama wannan goran ruwa ne. Yawancin kwanonin silba kuwa ko dai ya ƙi kama su ko ya kama sama-sama, saboda nikel da aka haɗa musu.

Sa'ad da kalma ta zama kuɗi

Wannan magana ba ta jarrabawa kaɗai ba ce, ina so iyaye da dattawan ikilisiya su saurara a nan. Kankare yana da ƙarfi in an danne shi, amma ba shi da ƙarfi in an ja shi. Linta ko dakin bene, da nauyi ya hau kansa, cikinsa na ƙasa ja yake yi, rodi ne yake ɗaukar wannan ja. An kuma yi dace, zafi yakan buɗa kankare da rodi kusan daidai wa daida, shi ya sa ranar bazara ba ta raba su. In rodin ya gaza, ba ranar da aka zuba kankare za a sani ba, sai ranar da mutane suka cika ɗakin.

Shekarun baya, sa'ad da muke ƙara faɗin majami'armu, an sa ni cikin masu sayen kaya. Muka sayo rodi da aka ce mana mai milimita 12 ne. Magininmu, wani dattijo da bai yi boko ba, ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ya ce, “Malam, wannan bai ƙoshi ba.” Na yi masa gardama don na ga rasit. Da muka kai sikelin masu awon hatsi, sai ga shi bai kai kilo 9 ba. Rodi mai milimita 12, mai tsawon mita 12, ya kamata ya yi kusan kilo 10.7. Muka mayar, bayan doguwar magana aka canja mana.

Lissafin ba wuya, ɗan aji biyu zai iya. Ka ninka kaurin rodin da kansa, ka raba da 162, abin da ya fito shi ne nauyin mita ɗaya a kilo. Mai milimita 10 zai ba ka wajen kilo 7.4 a sanda ɗaya mai mita 12, mai milimita 16 kuwa kusan kilo 19. Bayan awo sai a sa mai lanƙwasa rodi ya lanƙwasa guda a gabanku. Na kirki yakan lanƙwashe lafiya. Wanda kabon ya yi masa yawa, ko aka narka shi da datti, yakan tsage a gwiwar ko ya karye.

Kalmar a baki da a takarda

Mu koma aji. Kalmomi uku ne suke rikita ɗalibai: “steel”, “steal” da “still”. Biyun farko lafazinsu ɗaya ne sak, ko Baturen Ingila ba ya bambanta su sai ta wurin ma'anar jimla. Ta ukun ce dabam, wasalinta gajere ne. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, gama mu ma muna da shi. Ku faɗi “fito waje”, sa'an nan ku faɗi “yana fito da baki”. Rubutu ɗaya, amma a na biyun kun ja wasalin. Yadda kuka ja shi, haka za ku ja na “steel”. Ku kuma lura kada ku cusa wasali tsakanin baƙaƙen farko ku ce sitil. A bakin mai walda wannan daidai ne, Hausa ce, amma a jarrabawar lafazi hasarar maki ce.

Ga dabarar da na ba yarinyar nan don rubutu. “Steel” yana da “e” biyu a jere kamar layin dogo. “Steal” kuwa yana da “a”, irin wadda ta cika kalmar sata.

A nahawu, kalmar tana cikin sunayen da ba a ƙirgawa, kamar ruwa da yashi. Ba a cewa “I bought three steels” in ana nufin sanduna uku, sai a ce “three steel bars”. In kun ga “steels” a littafin kimiyya, iri-iri ake nufi. Wuri biyu ne na sani da ake cewa “a steel”: sandar ƙarfen da mahautan birni suke wasa wuƙa da ita, da kuma ƙyastu. Abin da kakanninmu suke kira ƙyastu da ƙanƙara, shi ne “flint and steel”. Kalmar takan kuma tsaya gaban wani suna ta bayyana shi, kamar “steel door” da “steel pipe”, ba tare da an ƙara mata kome ba.

Asalinta tsohuwa ce cikin Ingilishi, ta haura shekara 1,000, 'yar'uwar “Stahl” ce ta Jamusanci, masana harshe kuma suna danganta su da wata tsohuwar saiwa mai ma'anar tsayawa daram. Daga nan ne ma'anoninta na aro suka tsiro. In an ce mutum yana da “nerves of steel”, ana nufin mai dakakkiyar zuciya, irin direban da tayarsa ta fashe a tsakiyar dajin Falgore da dare bai saki sitiyari ba. “To steel yourself” aikatau ne, ma'anarsa ka yi ta maza, ka daure kafin abu mai wuya, kamar wanda aka aika ya kai labarin rasuwa. Shigewarsa “steeled” ne, ba ruwansa da “stole” da “stolen”, waɗannan na ɓarawo ne. “Steely eyes” idanu ne masu kaifi marasa wasa, ɗalibai sun san malaman da suke da su. “Cold steel” kuwa makami ne mai kaifi, takobi ko mashi ko banati, saɓanin bindiga.

A ganina akwai ɗan bambanci tsakanin aron da ake yi wa “iron” da wanda ake yi wa “steel”, ko da yake ba kullum marubuta suke kiyaye shi ba. “Iron” ya fi karkata ga tsanani da ƙin lanƙwasuwa, shi ya sa aka yi wa Margaret Thatcher, firayim ministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, laƙabi da shi. “Steel” ya fi karkata ga abin da ya shiga wuta ya fito da juriya. Amma suna ba ya gyara hali. Shugaban Tarayyar Sobiyat, Stalin, ba sunansa na yanka ba ne, ya ɗauko shi ne daga kalmar Rashanci ta wannan ƙarfe, tarihi kuwa ya san miliyoyin da suka hallaka a hannunsa.

Sai ku yi hattara da fassara kai tsaye. Ƙarfen ƙafa ba shi da “steel” a Turanci, ƙarfe ɗaya ba ya amo ma haka, dokin ƙarfe kuwa keke ne kawai. Su ma sun rama, gama abin da muke kira dutsen guga su “iron” suke ce masa. Mu mun ce dutse, su sun ce ƙarfe.

Masu karanta tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci, ta Sarki Yakubu ta 1611, za su gamu da kalmar a wuri huɗu: 2 Sama'ila 22:35, Ayuba 20:24, Zabura 18:34 da Irmiya 15:12. A duka huɗun, kalmar Ibrananci da ke wurin tagulla take nufi. Masu fassarar sun nemi kalmar da za ta nuna wa mutanen zamaninsu ƙarfe mai tauri, suka ɗauki wannan. Fassarar 1952, wadda muke amfani da ita a aji, ta mai da shi “bronze”. Wanda zai yi wa'azi a kan waɗannan ayoyi ya duba wannan tukuna, kada ya gina bayani a kan ƙarfen da marubucin bai ambata ba.

Tama da ƙarafa

Masu fassarar labarai a rediyo sun sami mafita mai kyau, in sun ga “iron and steel” sai su ce tama da ƙarafa. A 2023 duniya ta yi kusan tan miliyan 1,900 na “steel”, fiye da rabi daga Sin. Namu rabon a ciki ba ya ko ganuwa a jadawali, ba kuwa don ba a yi niyya ba.

A 1971 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar raya wannan sana'a. A 1979 aka sa hannu da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat don gina babbar masana'anta a Ajaokuta, bakin kogin Kwara, kusa da tamar Itakpe, da nufin ta fara da tan miliyan 1.3 a shekara. A 1982 aka buɗe ta Aladja kusa da Warri, aka kuma gina uku a Katsina, Jos da Osogbo, kowace da ƙarfin tan 210,000 a shekara. A nan ma akwai darasin kalma. Waɗannan ukun ba “steel plant” ba ne, “rolling mill” ne, Hausa kuwa ta kama ma'anar sarai da ta ce kamfanin mulmula ƙarafa. Ba sa fid da ƙarfe daga tama. Sanduna ake kawo musu daga Aladja su gasa su mulmula su zama rodi da waya. Ranar da Aladja ta yi tari, Katsina ta kwanta. An sayar da ta Katsina ga kamfanin Dana a 2006. Babbar matoyar Ajaokuta kuwa, wadda ita ce zuciyar aikin duka, ba a taɓa hura ta ba, ko da yake tun 1994 ake cewa aikin ya kai kashi 98 cikin 100.

Saboda haka yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga tsofaffin ƙarafa ne, ana narka su da wutar lantarki. Wannan ƙarfe yana da halin nan, ana iya narka shi a sāke narka shi bai gaji ba, muddin an tace dattin an kuma auna kabon. Inda aka yi ha'inci a awon, nan ake samun irin rodin da yake karyewa a gwiwa. Manyan motocin da kuke gani a Kwanar Dangora sun yi lodin ruɓaɓɓen kwano da ƙashin mota sun nufi kudu, abincin waɗannan masana'antu suke kaiwa. Na sha jin yaran da suke yawo da buhu da maganaɗisu suna kiran kayan da suke tsinta ajakuta. Sunan masana'antar da aka gina don ta fid da sabon ƙarfe daga dutse, ya koma sunan tsohon ƙarfen bola.

Su waɗannan yara sun fi 'yan aji huɗu sanin bambancin “metal” da “steel”, gama kowane iri da farashinsa a sikeli, jan ƙarfe a sama, goran ruwa na biye, baƙi a ƙasa. Duk da haka na roƙi maigadi ya riƙa haska tocila gindin darbejiyar nan da dare. Mun taɓa sauke kwangirin don a canja masa waya, sai da yara biyu suka kama, ya kusa kilo 30.